Zuciyar Da Ke Cikin Littafi Da Wadda Ke Cikin Ƙirji



Da za a ƙirga kalmar da ta fi yawa a littattafanmu na soyayya, da wuya wata ta sha gaban "zuciya". Kusan dukkanmu mun taɓa rubuta wannan fitowar, ko mun karanta ta har mun haddace: an hana yarinya wanda take so, ta dafe ƙirji, ta yi aman jini, ta zube sumammiya. A asibiti likita ya zare tabarau ya girgiza kai, ya ce zuciyarta ta kumbura, in ba a ba ta abin da take so ba komai na iya faruwa. Alhaji ya sauko, a ɗaura aure, ciwo ya tafi tun ƙarin ruwa bai ƙare ba. Mu ma mun aikata, don haka ba gori muke yi wa kowa ba. Abin da ya dame mu shi ne, likitan nan na cikin littafi shi ne likitan zuciya na farko da dubban masu karatunmu suka fara saurare, alhali ciwon zuciyar da ke kashe mata a garuruwanmu bai yi kama da nasa ba. Shi ya sa yau muka ɗauko tarihin yadda ɗan Adam ya san abin da ke cikin ƙirjinsa.

Mu fara daga gida. Jega gari ne da kasuwa ta raina. Malam Buhari, ɗan Malam Abdussalami na Gimbana, wanda harin da Gobirawa suka kai wa jama'arsa yana cikin abubuwan da suka jawo hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804, shi ya kafa garin a wajajen 1820. Kafin ƙarnin ya ƙare kasuwar Jega ta shiga sahun manyan kasuwannin daular Sakkwato. Duk inda kasuwa ta ci kuwa akwai mahauta, kuma mahaucin da ya shekara 30 yana fiɗa ya riƙe zukata a hannunsa fiye da yadda ɗalibin likita zai gani a duk karatunsa. Ya san zucciya, kamar yadda muke faɗi a nan yamma, tana zaune tsakanin huhu biyu. Ya san sai ya tsaga wata 'yar jaka mai kitse kafin ya ciro ta, ya kuma san gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri. A Aliero kuma ga maɗora, waɗanda ake ɗauko masu karaya daga nesa a kawo musu. Nasu ilimin na hannu ne, don ƙashi ana lalubarsa ta saman fata. To amma mahauci sai zuciya ta tsaya yake ganinta, maɗori kuwa hannunsa ba ya wuce haƙarƙari. Wannan matsalar ita ce ta ɗaure manyan likitocin duniya fiye da shekara 1,400: abin da suke son su fahimta motsi ne, abin da ke gabansu kuwa ya daina motsi.

Kafin mu shiga labarinsu, bari mu faɗi abin da aka sani a yau, don mu ga inda kowa ya dace da inda ya kauce. Zuciyar baligi ba ta wuce dunƙulallen hannunsa da yawa ba, nauyinta giram 250 zuwa 350. Tana tsakiyar ƙirji ne a bayan ƙashin ƙirji, sai dai ta karkata, kusan kashi biyu cikin uku nata yana hagu, tsininta kuma yana bugawa a ƙasan nonon hagu. Ɗakuna huɗu gare ta. Na sama biyu kamar zaure suke, su ke karɓar jini. Na ƙasa biyu su ke tura shi. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya gama zagaya jiki ya tura shi huhu ya sha iska, ɓangaren hagu ya karɓo shi daga huhu ya watsa wa jiki daga ƙwaƙwalwa har yatsun ƙafa. Nisan wannan tafiyar ce ta sa bangon ɗakin hagu ya ninka na dama kauri kusan sau uku. Akwai ƙyaure huɗu da ke hana jini komawa baya, kuma rufuwarsu ce sautin nan biyu da muke ji in mun kara kunne a ƙirjin mutum. Tana bugawa wajen sau 100,000 a yini, tana tura kimanin lita 5 a minti ɗaya in mutum yana hutawa. A kwana ɗaya ke nan ta haura lita 7,000, kusan jarka 290 ta lita 25. Ku tambayi ɗan ga-ruwa abin da wannan ke nufi.

Jakar da mahauci ke tsagawa ita ce tantanin zuciya. Bayanta mai tauri ne, ba ya miƙewa da sauri, an ɗaure shi da bayan ƙashin ƙirji da kuma tsokar numfashi da ta raba ƙirji da ciki. A cikinsa akwai wani tantani mai santsi da ya ninku gida biyu, kamar ka ɗauki hular sanyi ka tura rabinta cikin rabi. Ninki ɗaya ya manne da jakar, ɗaya ya manne da jikin zuciyar, tsakaninsu akwai ɗan ruwa, cokalin miya ɗaya zuwa uku, wanda ke sa zuciya ta yi ta zamewa ba tare da gogayya ba. A ƙarƙashinsa ne tsokar zuciya take, sannan wani siririn tantani ya shafe ɗakunan daga ciki. Jakar nan kariya ce, amma tana iya zama kurkuku. In jini ya taru a cikinta farat ɗaya, kamar bayan sukar wuƙa, abin da bai cika kofin shayi ba ya isa ya matse zuciya ta kasa cika. In kuwa a hankali ruwan ya taru, jakar tana iya ɗaukar fiye da lita ɗaya kafin mutum ya galabaita. A Afirka tarin fuka ne kan gaba wajen jawo irin wannan taruwar, wani lokaci ma bayan an warke jakar ta ƙandare ta shaƙe zuciyar, sai likita ya fere ta.

Mutumin da maganarsa ta mallaki fagen nan tsawon ƙarnuka shi ne Jalinusu, Bagirken da aka haifa a shekarar 129. Ya fara aiki ne yana ɗinke raunukan 'yan wasan takobi, daga baya ya zama likitan sarakunan Rum. Gawar mutum ba ta samuwa gare shi, sai ya riƙa fiɗar birai da aladu da shanu. Ya ba da labarin wani yaro da ya bugu a ƙirji wajen kokawa, ƙashin ya ruɓe, ya yanke shi, ya tarar tantanin da ke ƙasa ma ya ruɓe har yana kallon zuciyar tana bugawa, kuma yaron ya rayu. Mutum ne mai ido, ba laifi. Sai dai ya ɗauka hanta ce ke ƙera jini daga abinci kullum, jiki ya shanye. Da ya rasa hanyar da jini ke bi daga dama zuwa hagu, sai ya ce lalle akwai ƙananan ƙofofi a katangar da ta raba ɗakunan ƙasa, waɗanda ido ba ya gani. Da Hunainu ɗan Ishaƙ da almajiransa suka fassara littattafansa zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9, ƙofofin nan da babu su suka biyo fassarar. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya shigar da abubuwa da yawa na magabata cikin Alƙanun, har da ra'ayin Aristo cewa zuciya tana da wani rami na uku a tsakiya.

A nan marubutan soyayya suna da rabo. Ibn Sina ya ɗauki tsananin so a matsayin ciwo, ya kuma bayyana dabarar gano shi: likita ya riƙe jijiyar hannun majiyyaci ana ambaton sunayen unguwanni da gidaje da mutane, inda bugun ya rikice nan maganar take. Kun ga likitanmu na littafi yana da kaka. Bambancin shi ne kakan yana aunawa kafin ya yi magana.

A Andalus, Ibn Zuhur na Ishbiliya, wanda ya rasu a 1162, ya bayyana kumburin tantanin zuciya da taruwar ruwa a cikinsa a littafinsa Attaisir. Amma wanda ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe sunansa shi ne Ibn Nafis. An haife shi a kusa da Dimashƙa a wajajen 1213, ya yi karatu a can, ya koma Alƙahira ya zama babban likita, kuma malamin fiƙihu ne a mazhabar Shafi'i. A 1242, bai cika shekara 30 ba, ya rubuta sharhi a kan sashen Alƙanun da ya shafi ƙirar jiki. A ciki ya saɓa wa Jalinusu da Ibn Sina a lokaci guda. Ya ce katangar nan mai kauri ce, babu ƙofa a jikinta, ta fili ko ta ɓoye. Ya ce ramukan ƙasa biyu ne. Ya ce jinin dama dole ya bi ta huhu ya haɗu da iska kafin ya dawo hagu, sannan zuciyar kanta tana samun abincinta ne ta jijiyoyin da suka ratsa namanta. Duk wannan daidai ne. Abin mamaki, shi da kansa ya ambata a gabatarwa cewa shari'a da tausayi sun hana shi fiɗar gawa, har yau masana tarihi suna ja-in-ja a kan ko hankali kaɗai ya kai shi ko ya ga wani abu da idonsa. Mu dai abin da ya burge mu shi ne ƙarfin halin matashin da ya dubi littafin da kowa ke rantsuwa da shi ya ce a nan an yi kuskure. Ga kuma abin da zai yi wa 'yan wannan zaure daɗi: ya rubuta ƙagaggen labari, Arrisalatul Kamiliyya, na wani mutum da ya tashi shi kaɗai a tsibiri. Ya rasu a 1288, ya bar gidansa da littattafansa waƙafi ga asibitin Mansuri.

Maganar tasa ba ta yi tasirin da ya kamata ba, yawancin likitoci suka ci gaba da bin Jalinusu. A Turai sai a ƙarni na 16 aka sake taso da ita. Vesalius, a bugu na biyu na littafinsa a 1555, ya nuna shakka a kan ƙofofin. Servetus ya rubuta zagayen huhu a 1553, a shekarar kuma aka ƙone shi a Geneva saboda aƙidarsa ta addini. Colombo ya tabbatar a 1559. Ko sun sha daga Ibn Nafis? Akwai wani likita ɗan Italiya, Andrea Alpago, da ya daɗe a Dimashƙa ya fassara wani sashe na rubutunsa, aka buga a 1547, kuma a kan haka ake ta muhawara. William Harvey na Ingila ne ya ƙarasa aikin a 1628 da ɗan littafi mai shafi 72, kuma da lissafi ya kayar da Jalinusu: ya auna abin da ɗakin hagu ke ɗauka, ya ninka da yawan bugu, ya ga a rabin awa zuciya tana fitar da jinin da ya fi duk wanda ke jiki. Babu hantar da za ta ƙera wannan, ashe jini ɗaya ne ke zagayawa. Siraran jijiyoyin da suka haɗa tafiya da dawowa kuwa Malpighi ne ya gan su a huhun kwaɗo a 1661. Shi kuwa Ibn Nafis sai a 1924 wani ɗalibin likita ɗan Masar, Muhyiddin Attatawi, ya ci karo da sharhinsa a wani ɗakin karatu a Berlin, sannan duniya ta waiwaye shi.

A tamu ƙasar malaman jihadi ba su yi watsi da likitanci ba. Malam Abdullahi na Gwandu, maƙwabcinmu, ya rubuta Masalihul Insan a kan abin da ke gyara addini da jiki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubutu a kan ciwon ido da basir da tsutsar ciki da amfanin filasko, kuma da Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, cikin abin da ya nema daga Ingila har da likita. Rubuce-rubucen nan sun fi karkata ga maganin cututtukan yau da kullum. Zuciyar da aka fi karantawa a zaurukanmu kuwa wata ce. Imam Gazali ya raba ma'anar kalmar gida biyu a Ihya'u: akwai tsokar nan da ke ƙirji wadda dabba ma tana da ita, ya bar wa likitoci zancenta, akwai kuma zuciyar da ke sani da so da tsoron Allah. Harshenmu ya ƙoshi da ta biyun. Muna cewa wane ya yi zuciya, wane zuciyarsa ta mutu, labarin zuciya a tambayi fuska, son zuciya ɓacin zuciya, wane ya haɗiyi zuciya. Wannan arziki ne babba. Rikicin yana tasowa ne in marubuci ya ɗauki zuciyar Gazali ta biyu ya kwantar da ita a gadon asibiti, ya sa likita ya yi mata hoto.

Taɓa zuciya mai rai da hannu bai daɗe ba. A 1893 Daniel Hale Williams, baƙar fatan likita a Chicago, ya buɗe ƙirjin wani da aka soka ya ɗinke tantanin zuciyarsa. A 1896 Ludwig Rehn a Jamus ya ɗinke naman zuciyar kanta. A Najeriya an fara buɗe zuciya a yi mata aiki ne a asibitin koyarwa na Inugu a watan Fabrairun 1974, likitocin gida irin su Fabian Udekwu tare da Magdi Yacoub, haifaffen Masar.

Babin da ya shafe mu kai tsaye a Zariya aka rubuta shi. Eldryd Parry ya zo Jami'ar Ahmadu Bello a 1969 a matsayin farfesan likitanci, shi da Neil Davidson suka lura da wani abu da ba su saba gani ba: mata matasa, makonni kaɗan bayan haihuwa, ana kawo su ƙafafu a kumbure, numfashi yana gagararsu. Suka bibiyi mata 224, suka wallafa sakamakon a 1978. An ƙiyasta cewa a Zariya abin yana samun kusan mace ɗaya cikin haihuwa 100, alhali a Amurka ɗaya ce cikin dubbai. Suka ɗora alhakin a kan al'adun jego: wankan tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana 40, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da kunun kanwa mai tara ruwa a jiki. Wannan bayani ya shiga littattafan likitanci na duniya, har sunan kanwa ya zama sananne ga ɗaliban da ba su taɓa taka Afirka ba. A 2007 Isezuo da Abubakar na asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suka samu ɗaya cikin 102. Daga baya Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano da abokan aikinsa suka tattara mata 406 daga asibitoci 22 a faɗin ƙasar nan, suka wallafa a 2020. Mafi yawan matan daga arewa maso yamma suke, wato mu. Sai dai su ba su ga alaƙa mai ƙarfi da wankan jego ko kunun kanwa ba. Abin da ya fito fili shi ne rama, rashin karatu, rashin sana'a da hawan jinin masu ciki. Bincike a Yamai da Kano ya kuma nuna ƙarancin sinadarin seleniyom a jinin da yawa daga masu ciwon. A ganinmu wannan ba lasisi ba ne na dafa mai jego da ruwa ko ɗura mata kanwa, musamman mai hawan jini. Ya dai nuna cewa talauci yana da hannu dumu-dumu.

A wannan ciwon zuciya tana kumbura da gaske. Ɗakin hagu yana buɗewa ya saki, ya kasa matsa jini. Ashe kalmar likitanmu na littafi ba ƙarya ba ce, majiyyaciyar ce ya sauya. Ta gaskiyar mai jego ce, goyo a gefenta. Ba ta iya kwanciya miƙe sai an tara mata matasai, ko ta kwana a zaune. Tari yana tashinta da dare. Zobe ya matse, takalmi ya ƙi shiga, tafiya daga ɗaki zuwa madafa ta zama aiki. Tsofaffin gida su ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wuta. Da an kai ta asibiti da wuri akwai magunguna masu rage ruwa da masu ƙarfafa zuciya, kuma da yawa suna farfaɗowa. Aman jini kuwa yawanci daga tumbi ko ciwon hanta yake fitowa. Wadda huhunta ya cika da ruwa abin da take tofarwa kumfa ne mai ɗan ja.

Ga masu cewa ai baƙin ciki yana taɓa zuciya, gaskiyarku. A 1990 likitoci a Japan suka bayyana wani yanayi da mummunan labari ke sa ɗakin hagu ya saki ya yi siffar tulun da masuntansu ke kama wata dabbar teku da shi. Sai dai kusan tara cikin goma na masu shi mata ne, galibi waɗanda suka manyanta, kuma yawanci suna warkewa cikin makonni. In dole sai wani ya faɗi ranar da aka fasa aure, kakar amarya ta fi cancanta.

In Allah Ya kai mu Babbar Sallah, kafin a jefa kayan ciki a kasko, mu roƙi zuciyar ragon tun tana cikin jakarta, don ƙirarta kusan ɗaya ce da tamu. Mu tsaga jakar mu shafa santsin cikinta. Mu yanka zuciyar a kwance ta tsakiya, mu gwada kaurin hagu da na dama, mu ja fararen zaren da ke riƙe da ƙyauren. Sannan mu ɗaga katangar tsakiya mu duba ta a hasken rana, ko za mu ga ƙofofin Jalinusu.